Kunnena da idon ɗan ƙanwata: abin da yankan katako ya ci mana

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ni mai yankan katako ne. Da wannan sana'a na yi aure, da ita na gina ɗan gidan da muke ciki, da ita nake biya wa yara kuɗin makaranta, don haka kada wani ya ɗauka kushe ta na zo yi. Abin da ya sa nake ba da labarina shi ne mutum biyu ta taɓa a zuri'armu. Ni ta rage mini ji, ɗan ƙanwata kuma ta tafi masa da ganin ido ɗaya. Duka biyun, kayan da za su tare su kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Na fara ne a matsayin yaron ofareta, wato mai yanka bishiya da injin sarƙa, a dazuzzukan kudancin Kaduna, wajajen Kafanchan da Gidan Waya. Aikina ɗaukar jarkar fetur da galan ɗin baƙin mai, share gindin bishiya da adda, da buga layi a jikin gungume da igiyar da aka jiƙa da baƙin mai domin maigidana ya bi ya tsaga. Injinmu Stihl 070 ne, wanda duk ofaretan daji ya sani, nauyinsa ya haura kilo 10 tun kafin a ɗaura masa sarƙa. Kayar da bishiya ba ya ɗaukar lokaci. Tsagawar ce aiki. Mutum zai sunkuya a kan gungumen maɗaci ko kawo ko doka tun hantsi, injin na ruri dab da kansa, dusar katako na fesowa a fuskarsa, ba ya kashe shi sai in mai ya ƙare ko sarƙa ta dakushe za a wasa ta. Kayan aikinmu kuwa takalmin roba ne da tsohuwar riga, sai tsumma da wasu ke ɗaurawa a hanci.

Da yamma in mun dawo bukka, kunnuwanmu sun yi dum, kowa na magana da ƙarfi ba tare da ya sani ba. Kafin gari ya waye sun buɗe. Da na yi wa maigidana ƙorafi a farkon zuwana, cewa ya yi, "Yaro, yi haƙuri, kunne zai saba." Da zuciya ɗaya ya faɗa, Allah ya jiƙansa, domin shi ma abin da aka gaya masa ke nan. Shi kansa sai ka tsaya a gabansa ka ɗaga murya yake jin ka, haka ma duk tsofaffin ofaretocin da na sani, amma ba mu taɓa kiran abin da suna ciwo ba. Mun ɗauke shi alamar daɗewa a aiki. Kuma da gaske bayan wani lokaci ƙarar ta daina damuna, na yi murna na ce na saba. Sai daga baya likita ya fahimtar da ni cewa abin da muke kira sabo, jin ne ya fara tafiya.

Da kasuwar madobiya ta buɗe a Taraba, wajajen 2014 zuwa 2016, lokacin da 'yan China ke saye kamar ba gobe, na bi 'yan uwa muka sauka yankin Bali da Garba Chede. A lokacin na mallaki injina. An samu kuɗi, an kuma yi wa dajin ɓarnar da har yau nake jin nauyinta, amma wannan magana ce ta daban. Abin da ya shafi labarina shi ne madobiya itace ne mai tauri, kuma gungume-gungume ake biya, saboda haka ba mai son kashe inji. A farkon 2017 aka sa madobiya cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, daga baya kasuwa ta ja da baya, ga hanyoyin daji sun fara lalacewa ta fuskar tsaro. Na tattara abin da na samu na dawo Kaduna, na kama rumfa a kasuwar 'yan katako, na sa injin tsagawa da na gugar katako. Na zaci na huta da ƙara. Ashe injin guga a ƙarƙashin rufin kwano, da maƙwabta dama da hagu kowa nasa na kuka, bai bar wa kunne hutun komai ba.

Raguwar ji ba ta sallama. Ba ranar da zan nuna na ce ga ranar da abin ya same ni. Uwargida ce ta fara lura. Takan ce, "Malam, rediyon nan har maƙwabta suna ji," ni kuwa a wajena daidai yake. Waya ta koma sai na sa ta a sifika. A wajen ɗaurin aure ko zaman makoki, inda mutane da yawa ke magana lokaci guda, ina jin muryoyi amma ba na tsintar kalmomi, sai in riƙa gyaɗa kai ina murmushi. Wani dattijo a unguwarmu ya yi fushi da ni na tsawon lokaci, ya gaya wa mutane tun da na yi kuɗin Taraba na daina amsa gaisuwa. Wallahi ban ji shi ba ne, ta bayana yake gaishe ni. Da dare kuma, in gari ya yi tsit, sai wata ƙara ta taso mini a cikin kai kamar kukan gyare, ba ta tsayawa, har yau ɗin nan tana nan.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne karatun yara. Al'adata ce bayan magariba su zauna a gabana su biya haddarsu in gyara musu. Ƙaramar 'yata muryarta siririya ce. Wata rana tana karantawa na tsayar da ita na ce ta maimaita, ta maimaita, na sake cewa ba daidai ba ne. Sai yayanta ya ce, "Baba, ai daidai ta faɗa." Na matso da kunnena kusa da bakinta, na ga laɓɓanta na motsi, amma sin da shin duk ɗaya suke zuwa mini. Yarinya ta cika ido da ƙwalla tana zaton ita ce ta kasa. Daga ranar na miƙa wa yayan nasu sauraron hadda, ni ina zaune a gefe.

Duk da haka ban je asibiti ba, domin ban san abu ne da ake zuwa asibiti a kansa ba. Idon ɗan ƙanwata ne ya kai ni.

Ƙanwata ta ba ni shi ne ya koyi sana'a bayan ya gama sakandare, yaro mai natsuwa da saurin ɗaukar abu. Ranar da abin ya faru ina wajen sauke kaya a mota. Wani ya kawo guntun kirya a tsaga masa, kuma duk mai aikin itace ya san taurin kirya, ita ake sassaƙa turmi da ita, ita maƙera ke so a gawayi. Zarto ya ci karo da gaɓa, sartse ya fallo ya same shi a idon dama. Kafin in iso an riga an yi masa duk abin da aka saba yi a kasuwa, kuma kowa don taimako ya yi. Wani ya buɗe idon ya hura, wani ya murɗa bakin hankici ya lakato abin da ya gani, shi kuma yana ta murzawa da bayan hannu mai dusa. Aka aika wani shagon magani aka sayo ɗigon ido. Da ya ɗiga, jan ya ragu, zafin ya lafa. Washegari ya ce mini, "Kawu, na warke," ya koma bakin aiki.

Bayan 'yan kwanaki ciwon ya dawo da ƙarfin da ya fi na farko. Ba ya iya kallon haske, hawaye ba ya tsayawa, kuma da na ɗaga fatar idon na ga wani ɗan farin tabo a kan baƙin. Muka tafi Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke hanyar Mando. Likitar da ta duba shi ta karɓi kwalbar ɗigon ta karanta, ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta yi mana bayani. Rauni daga itace ko ƙaya ko karan dawa ya bambanta da sauran raunuka, domin yakan shigar da ƙwayar cuta irin ta fumfuna cikin tantanin da ya rufe baƙin ido. Ɗigon da aka sayo kuwa yana da sinadarin sitiroyid, wanda ke kwantar da ja da kumburi, amma yana karya garkuwar idon, cutar ta samu fili ta yi ta ci a ɓoye. Sauƙin da yaron ya ji, lokacin ne abin ke yin nisa.

Sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu da alheri. A farko kowace awa ake ɗiga masa magani, dare da rana, ni da mahaifiyarsa muna karɓa-karɓa. An ceto ƙwayar idon ba a cire ta ba, amma hakiya ta zauna a tsakiya. Yau da wannan idon haske da inuwa kawai yake rarrabewa. Ƙanwata ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Yaya, haka Allah ya rubuta." Na yarda da rubutun Allah. Amma amana aka ba ni, kuma rumfar tawa ce.

A can asibitin ne likitar ta lura ina juya mata gefe ɗaya, ina sa ta maimaita magana. Ta tambayi sana'ata, ta ce, "Baba, ku ma ku je a auna muku ji." Ta tura ni Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda ke nan cikin Kaduna tun 1999, ina wuce ta ban san aikinta ba. Aka sa ni a wani ɗan ɗaki da ba ƙarar da ke shiga, aka ɗora mini abin sauraro a kunne, aka ba ni maɓalli in danna duk lokacin da na ji sauti. Masu kauri ina ji ina dannawa. Da aka zo kan sirara sai na zauna ina jira, ina ganin ma'aikacin ta gilashi yana kallona, na gane ana sakin sautin ne ni ban ji ba. A takardar sakamakon layin ya tafi daidai, sai ya faɗa rami wajen lamba 4,000 a ma'aunin kaifin sauti, a kunnuwan biyu. Likita ya ce wannan ramin shi ne sa hannun ƙarar inji, kuma a yankin nan ne haruffa irin su sa da sha da fa suke zaune.

Ya zana mini abin a takarda. Can ciki, bayan dodon kunne, akwai wani murɗaɗɗen gurbi mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyi masu gashi, wajen 16,000 a kowane kunne, su ke mayar da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke ganewa. Ƙara mai tsanani tana gajiyar da su, shi ne dum ɗin da muke ji da yamma. In aka maimaita yau da gobe sai su mutu, kuma a jikin ɗan Adam wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Ba allura, ba ƙwaya, ba tiyata. Ana auna ƙarfin ƙara da desibel. Hirar mutum biyu wajen 60 ce. A ma'aunin masana lafiyar ma'aikata, 85 ita ce iyakar da kunne zai ɗauka na awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 100 minti 15. Injin sarƙa irin namu yana kaiwa wajen 110, wato abin da kunne tsirara zai jure a yini bai cika minti 2 ba. Na tuna wunin da muke yi a kan gungume ɗaya, jikina ya yi sanyi. Ya ce abin da ya tafi ya tafi, akwai na'urar taimaka wa ji in na samu hali, amma wanda ya rage a hannuna yake.

Kafin in sake tayar da inji a rumfata sai da na nemo kayan kariya, kuma na koyi abubuwa a wajen sayen da nake so 'yan uwana su sani. Ba kowane tabarau ne kariya ba. Baƙin gilashin rana da ake sayarwa a bakin titi, ko wanda aka yi da kwalba, in abu ya buge shi da ƙarfi fashewa zai yi ya ƙara wa ido rauni. Na aiki da wata roba mai tauri ake yin sa, folikabonet, yana da kariya ta gefe, kuma za ka ga an buga Z87 a jikinsa in ma'aunin Amurka ne, ko EN 166 in na Turai ne. Akwai jabu, saboda haka a saya a wajen masu kayan aikin masana'antu da aka sani. Hular kwano mai ragar fuska tana da kyau ga mai kayar da bishiya, tana tare manyan ɓarɓashi da reshe, amma dusa mai laushi tana wuce raga, sai an haɗa da tabarau a ƙarƙashi. Likitocin ido na cewa 9 cikin 10 na munanan raunukan ido tabarau mai kyau zai hana su.

Na kunne iri biyu ne, akwai ɗan soso da ake cusawa, akwai mai kofi biyu da ke rufe kunnen gaba ɗaya. Auduga da tsumma da muke cusawa a da kusan ba sa tare komai. Soson ma sai an iya sa shi. Za ka murza shi da yatsu masu tsabta ya zama siriri, ka zagayo da ɗaya hannun ta saman kai ka ja kunnen sama da baya, ka tura shi ciki, ka riƙe da yatsa kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura ya cika ramin. In ka ga rabinsa a waje, ado ne kawai. Mai injin sarƙa gara ya haɗa biyun, soso a ciki, kofi a waje. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne lissafin cirewa. In mutum ya cire na kashi ɗaya cikin goma na lokacin da inji ke aiki, komai tsadar abin, kariyar da ya samu a ranar ba za ta wuce desibel 10 ba. Don haka a rumfata doka ita ce a sa kafin a tayar da inji, a cire bayan ya mutu.

An yi mana dariya sosai. Wasu na cewa Turawa sun sauka a layinmu. Yarana na aiki ma da farko in na juya baya sai su ɗaga tabarau su ɗora a goshi. Ba duk ƙorafinsu ne banza ba. A watan Afrilu, a ƙarƙashin kwano, kofin kunne yana tara gumi, tabarau yana yin hazo. Na sayo mai ƙananan ƙofofin iska a gefe, na ajiye ruwa da tsumma mai tsabta na gogewa, kuma wanda ya karce har ya dushe ina canja shi, domin tabarau da ba a gani sosai ta cikinsa shi ma haɗari ne a gaban zarto. Masu cewa ba za su ji in inji ya canja murya ba, bayan 'yan kwanaki da kansu suka ce suna ji, har ma sun fi tantancewa tun da ƙarar ta daina dukan kai. Masu aikin daji kuma da ke tsoron ba za su ji ihun gargaɗi ba in bishiya za ta faɗi, amsata ita ce a kan rurin 070 dama ba a jin ihun kowa. A tsayar da alamar hannu, a share hanyar gudu, kowa ya san inda ɗan uwansa yake kafin a fara. Masu kawo maganar ƙaddara kuwa, tun muna yara malamai suka karantar da mu cewa a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Abin da na gani da idona shi ne yaro ba ya sa abin da maigidansa ba ya sawa. Faɗa bai yi aiki ba. Abin da ya yi aiki shi ne sun ga ni ne na farkon sawa kullum, ko da yankan minti ɗaya zan yi. Kuma ni nake saye, ba na cirewa a kuɗin kowa. Ina ganin zalunci ne a ce wa yaron da ke samun na abinci da ƙyar ya sayi abin da zai kare shi daga injin da wani ke cin ribarsa. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, har raunin ji ta ambata a cikin abin da ake biya. Amma a aikace wannan na ma'aikatan da aka yi wa rajista ne. Yaron rumfa da yaron ofareta a daji ba su da takarda, ba su da kowa sai maigidansu.

Maganar ba ta tsaya a kan masu inji ba. Mai faskare da gatari, da kafinta mai buga ƙusa, da matan da ke fasa itacen girki yara na zaune a gabansu, duk sartse ba ya tambayar sana'a. In tsautsayi ya faru, don Allah kada a murza, kada a hura, kada a sa harshe ko hankici, kada a ɗiga nono ko ruwan sukari ko tozali, kada a sayi ɗigo ba tare da likita ya gani ba. In dusa ce a wanke da ruwa mai tsabta mai yawa. In abu ya soke ya tsaya, a bar shi yadda yake, a kifa gindin kofin roba mai tsabta a kan idon yadda ba zai danne shi ba, a kama hanyar asibitin ido a ranar. Na kunne kuma gwajinsa mai sauƙi ne: in sai ka ɗaga murya wanda ke nesa da kai da tsawon hannu zai ji ka, ƙarar wurin ta kai ta ɓarna.

Ɗan ƙanwata yana nan tare da ni. Na ɗauke shi daga kan zarto, domin mai ido ɗaya ba ya auna nisa daidai, kuma ɗayan da ya rage ba abin wasa ba ne. Shi ke riƙe da awo da lissafi da hulɗa da masu saye, kuma ko a nan ɗin da tabarau yake wuni. Ni kuma ina tara kuɗin na'urar ji, ina komawa awo lokaci-lokaci, kuma awon baya-bayan nan ya nuna ramin bai ƙara zurfi ba, alhamdu lillahi.

A taron ƙungiyarmu da ya wuce na kawo shawarar kada a ƙara karɓar yaron koyo a kowace rumfa sai maigidansa ya ba shi tabarau da abin kunne, kuma ƙungiya ta riƙa sayo su kwali-kwali domin su yi araha. Wasu dattawa sun goyi baya, wasu sun ce a bari kasuwa ta gyaru tukuna. Ba a yanke komai ba. Na roƙi sakatare ya sa maganar a farkon abin da za a tattauna a zama na gaba, kuma zan tafi da takardar awon kunnena in zagaya da ita kowa ya gani.